Farar Giwar da Na Koyar a Taura

Taura,
Ranar Asabar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sauke ki Dutse lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ki gaishe min da Kawunki Malam Garba da iyalinsa. Ki zauna a gidansa zaman 'ya, kada ki jira sai an sa ki aiki.

Kin san ba ni da yawan magana a gida. Shekara talatin da 'yan kai na yi a gaban allo ina koyar da Turanci, ina jin a can maganata ta ƙare. Abin da ke raina kuma ba zan iya faɗarsa ina kallon idonki ba, ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata. Shi ya sa na rubuta.

Bara Turanci kaɗai ya hana ki shiga makarantar koyon aikin jinya. Na ga yadda kika shiga ɗaki ranar da sakamako ya fito, na kuma ga yadda kika fito da safe kika ɗauki tsintsiya kamar ba abin da ya faru. Saboda haka da kika ce kina so ki tafi Dutse ki shiga lesin kafin ki sake zana jarrabawar, ban hana ba. Amma yarda da tafiyarki daban, yarda da mai lesin daban.

Takardun nan da ya turo miki ta waya kika buga a shago, kin bar su a kan tabarma shekaranjiya, na ɗauka na karanta su tun daga farko har ƙarshe. Kusan rabinsu a kan idiyom ne, maganganun nan da Bature ke faɗar wani abu yana nufin wani. Kowanne an rubuta ma'anarsa a layi ɗaya, sannan aka biyo shi da labarin asalinsa mai cin rabin shafi. Babu ko ɗaya da aka ce ba a san asalinsa ba. Wannan ne ya fara tayar min da hankali, domin na san harshen nan, na kuma san ba haka yake ba.

Akwai lambar waya a ƙasan shafi, sai na kira bayan Azahar. Shi wanda kuke kira Sa Nura ya ɗauka. Muryarsa da daɗi, ya kuma gaishe ni cikin ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce ni mahaifin ɗalibarsa ce, manomi ne a Taura. Wannan gaskiya ne, tunda yanzu noman nake yi. Ban ce masa na taɓa koyarwa ba.

Na ce, "Malam, akwai wata magana da yarinyar ta tambaye ni na kasa. Wai 'to wash a camel's knees'. Ko ka san ta?"

Ummi, babu wannan magana a Turanci. Ni na ƙirƙire ta ina zaune a zaure, ina kallon wani raƙumi da ya wuce da buhunan gero.

Ko numfashi bai ja ba ya ce, "Ai Baba, wannan tana yawan fitowa. Ma'anarta yi wa babba fadanci. Asalinta daga fataken Larabawa ne, idan maigida ya sauka sai bara ya wanke wa raƙuminsa gwiwa don ya samu shiga."

Na ce, "To, madalla. Allah Ya ƙara sani."

Na ajiye wayar. Ba haushinsa na ji ba. Muryar ce na gane. Tawa ce, ta shekarun baya, muryar malamin da ke jin kunyar cewa bai sani ba. Don haka kafin ki zauna a ajinsa, bari in faɗa miki inda ni na faɗi.

Kuskurena na farko a Ringim na yi shi, shekarata ta farko a aiki. A lokacin akwai malamai 'yan Ghana a makarantunmu. Ɗaya daga cikinsu, Mista Owusu, teburinsa na kusa da nawa a ofishin malamai. Mutum ne mai son raha. Shi ya nuna min yadda ake tsara darasi, yakan kuma miƙo min ƙosai idan ya saya. Wata rana ya shigo da fuska a murtuke ya ce ya ji a ofishin shugaban makaranta za a mayar da ni wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Idi, I am only pulling your leg."

Na ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya na mayar da su Hausa a kaina. Yana jan ƙafata. Wato shi ne ke janyo ni ƙasa, shi ya kai ni gaba, ga shi har yana faɗa min a idona yana dariya. Daga ranar na daina amsa gaisuwarsa sai da ka. Na daina cin ƙosansa. Na ɗauke teburina na mayar bakin taga. Har wurin mataimakin shugaba na je na ce a lura da shi, ba ya nufin 'yan ƙasa da alheri. Sau biyu yana tare ni a hanya yana tambaya ko ya yi min wani laifi, ina cewa babu komai. Ba a canza min wurin aiki ba, amma ni na ɗauka ƙarar da na kai ce ta cece ni.

Ya koma ƙasarsu ban yi masa sallama ba. Sai bayan shekara biyu, ina duba wata kalma daban a ƙamus, idona ya faɗa kan maganar. Zolaya. Abin da take nufi ke nan, ina tsokanarka ne kawai. Ban san garinsu ba, ban san ko yana raye ba.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, farkon wanda za ki zarga a jarrabawa shi ne kanki. Idan kika ga jimla ta zo da wata magana da ba ta zauna daidai ba, ga kare a inda ba a zancen dabbobi, ga bokiti a inda ba a zancen ruwa, to ki tsaya. Kada ki fassara kalma kalma. Ke kanki idan kika ce wance tana da farin jini, ba ciwo kike nufi ba. Idan kika ce wane yana da dogon hannu, ba tela za a kira ya ƙara masa hannun riga ba. Haka nasu yake. Masu shirya tambayoyin nan kuma sun san halinmu. A cikin amsoshi huɗun da suke jerawa, kusan kullum akwai wadda ta maimaita kalmar da ke cikin idiyom ɗin. Idan an ce tsoho "kicked the bucket", za ki ga amsar da ke zancen zubar da ruwa ko fushi da bokiti. Ita ce ta fi kama da gaskiya, ita ce kuma tarkon. Tsohon rasuwa ya yi. Ki karanta jimlar da ke gaba da ta baya, ki tambayi kanki wane irin yanayi ake ciki, sannan ki zaɓa.

Bayan abin Mista Owusu sai na tashi haiƙan in san waɗannan maganganu, a nan na yi kuskure na biyu. A tashar Ringim akwai wani mai baza littattafai a ƙasa. Na sayi wani ɗan littafi a wurinsa, babu sunan marubuci, babu inda aka buga shi. Cike yake da labaran asali, irin na takardun Sa Nura. Wallahi wasu ma kamar daga ciki aka kwafo su, har da kuskuren rubutun.

Na so littafin nan ƙwarai, domin ya sa ɗalibai suna sona. Idan na shiga aji da rana tsaka, kowa na gyangyaɗi, sai in ce yau zan faɗa muku dalilin da ya sa Bature ke cewa "it is raining cats and dogs" idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Nan da nan kowa ya miƙe zaune. In ce musu a zamanin da Turawa jinka suke yi wa ɗakunansu, karnuka da kyanwoyi na hawa su kwanta a cikin ciyawar don ɗumi, idan ruwa ya yi ƙarfi sai santsi ya zubo da su ƙasa. Shekaru na yi ina ba da wannan labari.

Mai sunanki ce ta warware ni, Allah Ya jiƙanta. Na je gida hutu da damina, muna zaune a rumfa ruwa na zuba, sai na ba ta labarin don in sa ta dariya. Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Ta saurare ni har na gama, tana gyaran zogale a faifai.

Ta ce, "Kyanwa dai na ji. Amma karen, da tsani yake hawa?"

Na ce, "Inna, ai karnukan Turawa ne."

Ta ce, "To. Kuma da ya ga hadari, maimakon ya shiga ƙarƙashin rumbu sai ya hau inda ruwan zai fi dukansa. Idi, wanda ya ba ka labarin nan bai taɓa yin jinka ba, bai kuma taɓa kiwon kare ba."

Da na koma na je ɗakin karatu na duba babban ƙamus. Abin da na samu shi ne ba a tabbatar da asalin maganar ba. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. "Kick the bucket" labari biyu na samu masu karo da juna, babu wanda aka tsaya a kai. "Let the cat out of the bag", wato tona asiri, littafina ya ce wai a kasuwa ake sa kyanwa a buhu a sayar wa mutum a matsayin ɗan alade, sai ya buɗe asiri ya tonu. Ke ma kin je kasuwar Ringim. Kin taɓa ganin wanda ya sayi ko kaza bai ɗaga ta ya duba ƙirjinta ba? Kuma wace kyanwa ce za ta yi shiru a cikin buhu?

Ba na cewa duka ƙarya ne. Akwai waɗanda na samu da tushe. "Bury the hatchet", yin sulhu, ta samo asali daga al'adar wasu ƙabilun asali na Amurka da ke binne gatarin yaƙi idan an daina gaba. "Red tape", jan ƙafar ofis da yawan ƙa'ida, daga jan zaren da ake ɗaure takardun gwamnati ne, kuma ni na ga fayil a ɗaure da idona lokacin da nake bin takardun ritayata. "Crocodile tears", kukan munafunci, daga tsohon zancen nan ne na cewa kada na zubar da hawaye yana cin abin da ya kama. Amma ki lura, ko waɗannan ɗin ba a tambayar su a jarrabawa. Ban taɓa ganin takardar da ta ce a faɗi asalin idiyom ba. Ma'ana ake tambaya, a cikin jimla.

Illar labaran nan na gan ta a takardun ɗalibaina. Labari ya fi ma'ana zama a ka. Yaro zai tuna maka jinka da kare da santsi tsaf, ka tambaye shi ma'anar ya hau susar ƙeya. Idan labari ya taimaka miki kika riƙe ma'ana, yi amfani da shi kamar igiyar guga. Amma idan kika ji ya cika daɗi, ya zauna daram babu ko ɗan gibi, ki yi masa irin tambayar Inna. Malamin da ya ba ki asalin kowace magana ba tare da ya taɓa cewa wannan ba a sani ba, ko dai bai bincika ba, ko kuma yana so ki so shi ne fiye da yadda yake so ki ci jarrabawa. Ni na biyun ne.

Yanzu ki buɗe shafin ƙarshe na takardun nan. Akwai wani layi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, cewa ɗaliban da suka yi rajista ta hannunsu za su samu cikakkiyar kulawa a ranar jarrabawa. Na karanta shi sau uku. Wataƙila ruwan sha da fensir ake nufi. Ban yi zaton haka ba.

An taɓa tura ni sa ido kan jarrabawa a wata makaranta a wajen Aujara. Shugaban makarantar tsohon malamina ne, shi ya koya min haɗa baƙi a firamare. Ranar takardar Turanci, an raba tambayoyi yara sun fara, sai ya zo ya kama hannuna ya ja ni bakin ƙofa.

Ya ce, "Malam Idi, yaran nan 'ya'yan manoma ne irinmu. Shekara biyu ba su da malamin Turanci. Ba laifinsu ba ne." Sai ya rage murya ya juya harshe, kamar abin ya fi sauƙin faɗa da Turanci. "Just turn a blind eye. Minti ashirin."

Na san maganar, har labarinta ina koyarwa, na wani shugaban sojan ruwa mai ido ɗaya da aka yi wa alama ya janye, ya ɗora madubin hangen nesa a kan makahon idon ya ce bai ga komai ba. A aji nakan ba da shi kamar labarin jarumta. Ran nan na fita na tsaya a ƙarƙashin darbejiya ina kallon awaki. Ina jin ƙarar alli a kan allo daga inda nake.

Wanda ya rubuta musu amsoshin a allo shi ma bai iya ba. Yaran suka kwafe daidai da kuskure, kowa iri ɗaya, har inda ya manta harafi. Masu maki ba yara ba ne. Aka riƙe sakamakon zauren gaba ɗaya. Akwai wata yarinya a layin gaba, da na dawo na tarar ta kare fuskarta da hannu ɗaya don kada ta ga allon, tana rubuta nata. Ita ma nata ya tafi tare da na sauran. Ban san sunanta ba, lambarta kawai na gani.

Saboda haka na yi magana da Kawunki. Shi zai kai ki ki yi rajista da kanki, a inda kowa ke yi, ba ta hannun mai lesin ba. Idan Sa Nura ya ce cibiyarsu ta fi sauƙi, ki ce mahaifinki ya riga ya gama magana. Ki ɗora min laifin, na iya ɗauka. Kuma duk ranar da wani ya rage murya ya juya zuwa Turanci don ya nemi ki yi wani abu, ki mayar da maganar Hausa a zuciyarki ki ji yadda take. Da na ce wa kaina malamina na so in ci amanar aikina, da ban je ƙarƙashin darbejiya ba.

Na bar wannan a ƙarshe domin shi ya fi min nauyi. Ko mahaifiyarki ba ta san shi duka ba.

A nan Taura ne, ina babban malamin Turanci. Ina da wani ɗalibi, Habibu, ɗan Fulanin wajen Aujara. Mahaifinsa bai so ya yi boko ba, kawunsa ne ya tsaya masa. Ban taɓa koyar da mai kaifin kai irinsa ba, har aka naɗa shi shugaban ɗalibai. Wata rana a aji ya ɗaga hannu ya ce ya ga "white elephant" a jarida, me take nufi?

Ban sani ba. Na taɓa jin wani abu game da sarakunan gabashin duniya da ke kyautar farar giwa, iyakar abin da na riƙe ke nan. Ɗalibai sun zuba min ido. Sai na yi lissafi irin namu: giwa babba ce, fari kuma a wurinmu alheri ne, farin ciki, farar aniya. Na gyara tsayuwa na ce tana nufin babbar kyauta mai daraja wadda ba a samun irinta. Na ƙara da cewa sarki ba ya ba da ita sai ga wanda ya fi ƙauna. Habibu ya rubuta a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi.

Ainihin ma'anar, Ummi, ita ce abu mai cin dukiya da wahalar riƙo wanda ba ya amfanar kowa. Labarin da ake bayarwa ma cewa ya yi sarkin na ba da giwar ne ga wanda yake so ya karya, don ciyar da ita ta cinye shi. Rabin labarin na riƙe, na cike sauran da son raina.

Bayan 'yan watanni aka gina mana ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Gini ne mai kyau, sai dai babu ruwa, babu kayan aiki a ciki, kowa kuma ya san haka, ana ta gunaguni a gari. Manyan baƙi za su zo buɗewa, aka ce shugaban ɗalibai ya karanta jawabin maraba. Habibu ya rubuta ya kawo min in duba. Na ga layin da ya sa farar giwar a ciki. Na sa masa alamar daidai da jan biro, har na ce ya yi kyau.

Ranar taro an kafa rumfuna, iyaye sun cika fili. Ya fito da fararen kayansa a goge, ya karanta babu gargada. Da ya zo wurin sai ya ɗago kai ya dubi babban baƙo, ya ce da ƙarfi, "We thank you, sir, for this white elephant."

Na ga wani malami ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na ga wani daga cikin baƙin ya matsa ya yi wa babban raɗa a kunne. Fuskar mutumin ta canza. Bai tsaya cin abinci ba, ya yanke ƙyallen buɗe ginin ya shiga mota. A lokacin ne na gane akwai matsala, amma ban san girmanta ba sai da na ruga ofis na buɗe ƙamus.

Shugaban makaranta ya tara mu, malamai a zaune, Habibu a tsaye a tsakiya. Shi a ganinsa wani malami mai adawa ne ya sa yaron ya ci mutuncin baƙi a bainar jama'a.

Ya ce, "Wa ya sa ka? Faɗi sunansa ka tafi aji."

Habibu ya dube ni. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon mai jiran malaminsa ya yi bayani ne. Takardar na hannun shugaba, da jan birona a jiki. Ina jiran ƙarin girma a shekarar, an kuma haifi yayanku bai fi wata biyu ba. Na dubi ƙasa.

Habibu ya ce wa shugaba, "Ni na rubuta, Malam. Ba wanda ya sa ni."

Aka tuɓe shi daga shugabanci a gaban asambuli, aka kore shi na mako uku, saura kaɗan a fara jarrabawar ƙarshe. Da labari ya kai wa mahaifinsa cewa ɗansa ya zagi manya a taro, sai ya zo ya ɗauke shi ya mayar da shi ruga. Bai zauna jarrabawar ba. Ni kuwa na samu ƙarin girmana.

Na san inda yake duk shekarun nan. Dillalin shanu ne, yana cin kasuwannin yankin nan, yana da rufin asiri da iyali. Sau da yawa na hango shi a kara, wurin cinikin shanu, na canza hanya. Sai bayan sallar layya da ta wuce na yi ƙarfin hali na same shi. Ya tashi da sauri ya ba ni bencinsa, shi ya tsuguna, yana ce min Malam kamar jiya muka rabu. Na faɗa masa komai, tun daga ranar da ya ɗaga hannu. Na ce ya yafe min.

Ya ɗan yi wasa da sandarsa a ƙasa. Sannan ya ce, "Malam, ai tun a makon na duba ƙamus na gani. Na san ba da gangan ka yi ba. Na yafe tuntuni." Ya ɗan yi murmushi. "Abin da na kasa ganewa shi ne, da ka ce min ba ka sani ba, ai da ni zan je in dubo mana."

Na yi masa sallama na kama hanyar gida.

To Ummi, ga ƙamus ɗina na sa miki a ƙasan jaka, bangonsa ya cire amma cikinsa lafiya lau. Duk idiyom ɗin da aka ba ki a lesin, ki duba shi a ciki kafin ki haddace, ko daga bakin wa ya fito, har da ni. Ki rubuta kowanne a cikin jimlarki ta kanki. Ki girmama Sa Nura, malaminki ne, wataƙila ya iya nahawu da rubutun insha'i, kuma yaro ne, yana da lokacin gyarawa. Kada ki kunyata shi a gaban aji. Amma idan ya faɗi abin da ƙamus ya saɓa, ki bi ƙamus. Idan kuma Allah Ya sa kika zama ma'aikaciyar jinya, wata rana mai jinya zai tambaye ki abin da ba ki sani ba, mutane na kallonki. Ki ce ba ki sani ba, ki je ki tambayo.

Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya nisanta ki da masu daɗin baki. Ya buɗe miki ƙirji ranar jarrabawa, Ya ba ki abin da kika yi wa wahala da hannunki. Ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa. Idan kin yi addu'a ki sa da Habibu da iyalinsa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Idi.